Filin Tambayoyin Masu Karatu: Fentin Dodannin Rezin a Ƙasar Zafi da Ƙura

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi ƙananan siffofin dodanni da ake jerawa a kan tebur wajen wasannin almara, waɗanda wasu matasanmu suka fara tarawa suna yi musu fenti da hannu. Ga wanda bai taɓa gani ba, siffar mutum a cikinsu takan kai tsayin milimita 28 zuwa 32 ne kawai, dodanni kuwa sukan ninka haka. Sun yaɗu ne tare da wasanni irin su Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, da kuma Warhammer na kamfanin Games Workshop na Ingila, wanda ya fito a 1983.

Tambaya daga wani ɗalibi a Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Yayana da ke karatu a waje ya aiko mini da dodanni na rezin. Na fara yi wa ɗaya fenti, amma fentin yana taruwa ɗigo-ɗigo, in ya bushe kuma farce kaɗai ya isa ya ɓare shi. Fiffiken dodon ya ƙi mannewa, wutsiyarsa kuma ta zo a lanƙwashe. Shin fentin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗora wa fenti laifi tukuna, domin alamun da ka zayyana na siffar da ba a wanke ba ne. Rezin irin wanda ake zuba waɗannan dodanni da shi ruwa biyu ne ake haɗawa, a zuba su cikin mazubi na roba mai laushi, su daskare su zama abu guda mai tauri. Kafin a zuba, masu aikin sukan fesa wa mazubin wani mai domin siffar ta fita ba tare da ta maƙale ba, kuma wannan man yana biyo siffar har cikin kwalin da ya iso hannunka. Fentin akirilik, wanda ake yi wa waɗannan siffofi, da ruwa ake tsinka shi, ruwa da mai kuwa ba sa haɗuwa, shi ya sa kake ganin yana gudu yana taruwa. Ka zuba ruwan ɗumi a kwano da ɗan sabulun wanke kwanuka, ka jiƙa gaɓoɓin dodon duka, ka bi kowane lungu da tsohon burushin haƙori, musamman tsakanin ɓawon fata da cikin baki da ƙarƙashin fiffike, sannan ka ɗauraye ka bar su su bushe sarai. Idan ka shafa ka ji santsi har yanzu, ka sake wankewa. Fentin da ka riga ka shafa, tun da bai kama ba, yawancinsa zai fita a wannan wankin.

Batun wutsiya mai sauƙi ne. Ka tsoma ta a ruwan da ya yi zafi amma bai tafasa ba, har ka ji ta yi laushi, ka miƙar da ita a hankali, ka riƙe ta a haka cikin ruwan sanyi har ta tsaya. Kada ka gwada miƙar da ita a bushe, domin rezin ba ya lanƙwasuwa a sanyi, karyewa yake yi nan take. Laushin da yake yi a zafi shi ne kuma dalilin da ya sa bai kamata a bar shi cikin mota a rufe ko a bakin taga da rana ba, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kebbi kan haura digiri 40.

Game da fiffike, ina kyautata zaton gam ɗin roba ka sa. Wannan gam yana aiki ne ta hanyar narkar da fuskar robar da aka yi shi dominta, ba ya kuwa narkar da rezin, saboda haka ba abin da zai riƙe. Sufa gulu ake sawa, ɗigo kaɗan, bayan an ɗan kankare fuskokin biyu. Amma fiffike babba yana da nauyi a kan ɗan ƙaramin mahaɗi, don haka masu gwaninta sukan huda ƙaramin rami a kowane gefe, su yanki guntuwar waya irin ta kilif ɗin takarda su soka a ciki kafin su manna. Wannan wayar ita ce ke ɗaukar nauyin idan dodon ya faɗo daga tebur.

Abu ɗaya da ba na son ka yi wasa da shi shi ne ƙurar rezin. Za ka ga siririn layi ya zagaye siffar inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, kuma dole ne a kankare shi da bayan wuƙa ko a goge da sanfefa. Ka jiƙa sanfefar kafin ka fara domin ƙurar ta zama caɓi maimakon ta tashi, ka sa takunkumi, ka yi aikin a tsakar gida. Bayan an gama duk wannan ne ake shafa fentin shimfiɗa, wato wanda aka yi musamman domin ya kama jikin siffa ya ba sauran launuka wurin zama. Wanda ya tsallake shi, ko da ya sayi fenti mafi tsada na Vallejo ko Citadel, aikinsa ba zai jure riƙon hannu ba.

Tambaya daga wani matashi a Gusau: Malam, fenti yana bushe mini a bakin burushi kafin in kai shi jikin siffa, da hunturu kuma sai in tarar ƙura ta manne a kai. Ban da haka, dodannina duk suna fitowa launi ɗaya shafe, ba rai a jikinsu. Ina mafita?

Amsa: Yawancin darussan da kake gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka shirya su, inda ɗigon fenti kan daɗe a faranti bai bushe ba, saboda haka dole mu gyara tsarin ya dace da iskarmu. Ka sami ƙaramar roba mai murfi, ka shimfiɗa siririn soso a ciki, ka jiƙa shi har ya ƙoshi ba tare da ruwa ya kwanta a sama ba, sannan ka ɗora takardar gashin kek a kai. A kan wannan takarda za ka riƙa ɗiga fenti, danshin da ke ƙasa yana ratsowa a hankali yana hana shi bushewa, in ka rufe kuma zai iya kai maka gobe. Sai dai a riƙa wanke soson a kai a kai, don a zafinmu ba ya daɗewa yake fara wari. Lokacin aiki ma yana da tasiri: bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko da dare, sun fi tsakar rana nesa ba kusa ba, kuma a kashe fanka ko a juya ta gefe. Idan fentin shimfiɗa na gwangwanin feshi ne, kada ka fesa cikin zafin rana, domin ɗigon yakan bushe a iska kafin ya sauka, siffar ta fito da kaushi. Maganin ƙurar hunturu kuwa shi ne ka kife kwano ko roba mai tsabta a kan aikin duk lokacin da ka ajiye burushi, ko da minti biyar za ka yi.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi burge ni. Siffa ƙarama ba ta yin inuwa mai ƙarfi da kanta, sai mai fenti ya zana mata. Ana farawa da launin tushe, a tsinka shi ya yi ruwa kamar kokon safe, a shafa sau biyu ko uku maimakon a lafta sau ɗaya mai kauri ya cike zanen da masassaƙi ya wahala a kai. Daga nan sai a haɗa launi mai duhu a tsinka shi sosai, a malala a jiki, ya gangara da kansa ya kwanta a cikin ramuka da tsagogin fata. Idan ya bushe, a ɗauki tsohon burushi mai faɗi, a taɓa launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai, sannan a riƙa shafawa sama-sama a kan siffar. Ɗan abin da ya rage a gashin burushin tudu kawai yake kamawa, kuma a gabanka za ka ga ɓawon fata yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙaho ya yi kaifi, haƙarƙari ya bayyana.

Wajen zaɓen launi, shawarata ita ce ka rage kwaikwayon hoton da ke jikin kwali, ka duba halittun da ke kewaye da kai. Ka tsaya ka kalli jan gwada a kan katanga da hantsi: kai ja mai ratsin ruwan lemo, jiki shuɗi mai duhu, wutsiya kuma launinta yana sauyawa daga gindi zuwa ƙarshe. Ka dubi damo da guza, yadda fatarsu ke da ɗigo-ɗigo da ratsi, da yadda cikinsu ya fi bayansu haske. Giwan ruwa da masunta ke fitarwa daga kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu ma haka take, baya mai duhu, gefe mai ƙyallin azurfa, ciki fari. Wannan tsari na duhu a sama da haske a ƙasa yana jikin dabbobi da yawa, kuma ido ya saba da shi, shi ya sa dodon da aka yi wa fenti a haka yake kama da abin da zai iya motsi. A ganina, Dodon tatsuniyarmu ya cancanci a fito da shi da launukan ƙasarmu, kuma ina fatan ganin matasan Zamfara da Kebbi sun yi fice a wannan. In ka gama, ka shafa ruwan kariya marar ƙyalli domin gumin hannu kada ya cinye fentin, amma ka guji fesa shi a ranar da iska ke da laima da damina, don yakan bar farin hazo a jiki.

Tambaya daga wata uwa a Talata Mafara: Ɗana ya sayo wasu tsofaffin siffofi na ƙarfe masu nauyi a wajen masu gwanjo, ƙannensa ƙanana suna ɗauka suna wasa da su. Yana kuma maganar sayen na'urar da ke fitar da siffa daga ruwan rezin. Akwai haɗari?

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya. Kafin rezin da roba su yawaita, da ƙarfe ake zuba waɗannan siffofi, kuma gaurayen da aka daɗe ana amfani da shi yana ɗauke da dalma, sai a cikin shekarun 1990 manyan kamfanoni suka koma gaurayen kuza marar dalma. Tsohuwar siffa mai nauyi, mai laushin lanƙwasawa, mai launin toka marar haske, a ɗauke ta a matsayin mai dalma. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wannan guba, bayan abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta halaka yara fiye da 400. Haɗarin siffa guda bai kai wancan ba ko kusa, amma yaro ƙarami komai baki yake kaiwa, jikinsa kuma ya fi na babba saurin ɗaukar dalma. A kulle su a inda hannun ƙannen ba zai kai ba, kada a goge su da sanfefa a cikin gida, shi kuma ya wanke hannu bayan ya taɓa su.

Ita na'urar, ruwan da take aiki da shi hasken ultirabayolet, irin wanda ke cikin hasken rana, ne ke daskarar da shi, kuma kafin ya daskare yana cutar da fata da ido, warinsa ma ba na ɗakin kwana ba ne. Sai da safar hannu da tabarau da ɗaki mai iska, a wanke siffar da sifirit, a shanya ta a haske har ta gama tauri, ragowar ruwan kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya. Idan gidan ba shi da ɗakin da za a ware a kulle, gara ya jinkirta sayen.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Jega: Ɗalibaina suna sha'awar wannan sana'a, amma zuciyata ba ta natsu ba saboda hukuncin mutum-mutumi. Me za ku ce?

Amsa: Malam, wannan fili ba na fatawa ba ne, amma tambayar tana da nauyi, bai kamata a kauce mata ba. Abin da yake sananne shi ne jumhurin malamai sun hana sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai, sun kuma keɓe kayan wasan yara bisa hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wadda ke wasa da 'yan tsana, har a ruwayar Abu Dawud aka ambaci doki mai fukafukai a cikinsu. Ko wannan rangwame ya haɗa da siffar da babba ya tara ya jera a kanta, wannan sai ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, ka kai masa siffar ya gani da idonsa.

Kafin nan, akwai babban ɓangare na sana'ar da ba ya taɓa wannan saɓani ko kaɗan, wato gina filin wasan kansa: ganuwa, ƙofar gari, rumbu, rijiya, duwatsu da itatuwa. Duk dabarun da muka bayyana a sama a nan ma suke aiki, kayan kuma suna nan a kasuwar Jega da araha. Ɗalibai za su iya yanka kwali ko farin kumfan da ke zuwa cikin kwalin firji, su shafe shi da farin gam na kafinta gauraye da yashi mai laushi, su fitar da ganuwar Surame, tsohon birnin Kanta, ko dutsen Kwatarkwashi. A kula kada a fesa fentin gwangwani ko a ɗiga sufa gulu kai tsaye a kan kumfan, domin suna narkar da shi. A bari rufin gam da yashi ya bushe kwana guda tukuna, sannan a fara da launi mai duhu da burushi.