Kujerar Sabon Gari da zaɓen cike gurbin 2021

TAMBAYA: Salam Malam, daga Muciya nake rubutowa. Musu muke a majalisarmu ta shayi, wani abokina ya dage wai ba a zaɓen cike gurbi sai ɗan majalisa ya rasu, ni kuma na tuna an taɓa yi mana a nan Sabon Gari kuma mai kujerar yana raye. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ne da gaskiya, abokinka ya saurara.

Kujerar Aminu Shagali ce, wanda ya yi kakakin majalisar dokokin Kaduna har ya sauka a farkon 2020, Yusuf Zailani ya gaje shi. A 2021 majalisar ta ce ya daina halartar zama, sai ta ayyana kujerar mazaɓar Sabon Gari a matsayin wadda ba kowa a kai. Kuma dokar tana nan, sashe na 109 na tsarin mulkin 1999 ya ce in ɗan majalisar jiha ya yi fashin zama ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba har ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ranakun zaman shekara, to kujera ta tafi. Haka in ya sauya sheƙa alhali jam'iyyarsa ba ta rabe ba, ko mutanensa suka yi masa kiranye, ko ya yi murabus.

INEC ta yi zaɓen a watan Yunin 2021, kuma abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne APC ce ke da gwamna a lokacin, El-Rufai, ita ke da rinjaye a majalisar, kujerar ma tata ce, amma Usman Baba na PDP ya cinye. Ni abin da ke damuna da irin wannan zaɓen shi ne yadda muke raina shi, ranar sai ka ga kasuwa ta ci, 'yan acaba suna ta kai-komo, rumfar zaɓe kuma ba layi, alhali wanda ya ci ɗin shi zai zauna a yi kasafin kuɗin jiha da shi, shi za ka je wa da kukan kwalbati da asibitin unguwa.

Wani abu kuma, ƙaramar hukumar Sabon Gari kujeru biyu gare ta a majalisar jiha, Sabon Gari da Basawa, kamar yadda Zariya ke da Birni da Kewaye. Don haka in abokin naka katinsa na ɓangaren Basawa ne, ba mamaki bai tuna ba, don ba a kai akwati rumfarsu ba a ranar.