Tambayi Likitan Dabbobi: Jijiyar gwiwar karyata ta tsinke, ko zan iya sake kai ta barbara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da karya irin Labrador, shekararta 5, na sayo ta tun tana 'yar kwikwiyo. Watan jiya tana bin ƙwallo a tsakar gida sai ta yi ƙara ta ɗage ƙafar baya ta hagu, har yau da ɗingishi take tafiya. An duba an ce jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke. Nauyinta kilo 39. Ta taɓa haihuwa sau ɗaya, 'ya'ya 7, na sayar da 6 na riƙe mace ɗaya. Wanda ya sayar mini da ita ya ce tsautsayi ne kawai, babu ruwan gado. Ga shi mutum uku sun ba ni kafin alƙalami kan haihuwa ta gaba. In an yi mata aiki ta warke, zan iya kai ta barbara? Daga mai karatu a Hanwa, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba tun daga farko: ka mayar wa mutanen nan uku kuɗinsu. Aiki zai iya gyara mata gwiwa, amma wuƙar likita ba ta kaiwa ga abin da za ta gadar wa 'ya'yanta.

Bari in yi maka bayanin abin da ya tsinke. A cikin gwiwar kare akwai jijiyoyi biyu gajeru da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba duk lokacin da kare ya taka. Irinta ce ke tsinke wa 'yan ƙwallon ƙafa, shi ya sa mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ɗan ƙwallo jijiyarsa lafiyayya ce, murɗewa ɗaya ke tsinka ta. A yawancin karnuka kuwa jijiyar takan daɗe tana lalacewa a ɓoye, kamar igiyar guga da bakin rijiya ke ci sili-sili. Ranar da guga ya faɗa ciki sai a ɗora wa yaron da ya ja ruwa a ranar. Ƙwallon nan da karyarka ta bi shi ne yaron. In ka tuna da kyau, ina kyautata zaton akwai safiyoyin da take tashi da ƙyar, ko ta zauna ta miƙar da ƙafar gefe guda maimakon ta naɗe ta.

Maganar gado kuwa, wanda ya sayar maka ko bai sani ba, ko ba ya so ya sani. An daɗe da lura cewa ciwon ya fi kama wasu jinsuna: Labrador, Rottweiler, Newfoundland da Golden retriever, alhali siraran karnukan tsere irin Greyhound ba kasafai suke yinsa ba. A 2006 masu bincike na Jami'ar Jihar Iowa a Amurka suka auna rabon gado a jinsin Newfoundland, suka samu kashi 27 cikin 100. Masana na Jami'ar Wisconsin da ke Madison, waɗanda suka shafe shekaru a kan Labrador, sun ƙiyasta nasa da kusan kashi 62, sauran 38 kuma na yanayin rayuwa ne. Kar ka fahimci wannan a matsayin 'ya'ya 62 cikin 100 za su kamu. Ma'anarsa ita ce, bambancin da ke tsakanin karen da ya kamu da wanda bai kamu ba, mafi yawansa daga jini yake. Labrador da jijiyar ke tsinke musu a tsawon rayuwarsu ba su wuce 5 zuwa 10 cikin 100 ba, amma 'ya'yan wadda ta riga ta tsinke suna gaba a layi.

Abin da ke wahalar da masu kiwo shi ne ba ƙwayar gado guda ce ke jawo shi ba, da sai a gwada a ware. Ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Sannan ciwon ba ya fitowa da wuri. Sai kare ya kai tsakiyar shekarunsa, bayan karya ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan sun bazu daga Samaru har Kaduna. Haka ta faru da kai, kuma ba laifinka ba ne a karon farko. Na biyu ne zai zama da saninka.

Jami'ar Wisconsin ta fito da gwajin jini ko na yawun kumatu da ke nuna Labrador mai haɗarin kamuwa tun yana ƙarami. Sai an aika samfurin can, a biya da dala. Mu a nan gwajinmu shi ne baki da ido. Kafin ka sayi kwikwiyo ko ka karɓi namijin barbara, ka ce a nuna maka uwa da uba suna tafiya, suna gudu, suna zama. Ka tambayi kakanni, ka tambayi 'yan ɗakinsu. Ka shafa cikin gwiwar baya ka ji ko akwai kauri ko tabon ɗinki. Ni na fi amincewa da namiji mai shekara 7 da ƙafafunsa garau a kan saurayin kare mai shekara 2 da takardu cike da jaka. Takarda ba ta ɗingishi.

Yanzu ita mara lafiyar. Kilo 39 ya yi yawa ƙwarai. Macen Labrador tsakanin 25 ne da 32. Na san yadda ake yi a gidajenmu, ragowar tuwo da ƙanzon shinkafa da romon kai duk a kwanonta suke ƙarewa, Labrador kuma bai san ƙoshi ba. Ka rage mata har sai ka ji haƙarƙarinta da tafin hannu ba tare da ka danna ba. Wannan ba kwalliya ba ce. Kusan rabin karnukan da suka tsinke ɗaya sukan tsinke ta ɗaya ƙafar, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ga kuma nauyin jiki duka ya koma kan ƙafar dama. Ka ƙara mata nauyin ciki a kan haka?

Ƙananan karnuka da ba su kai kilo 15 ba sukan samu sauƙi da hutu da magani. Mai girman taka aiki take bukata, in ba haka ba guringuntsin cikin gwiwar ya yage, amosanin gaɓa ya zauna. Akwai hanyar ɗaure gwiwar da zare mai ƙarfi daga waje, akwai kuma TPLO, wadda likita Barclay Slocum ya bayyana a 1993, inda ake yanka kan ƙashin ƙwauri a juya shi a kafe da ƙarfe. Ka kai ta Asibitin Koyarwa na Dabbobi na ABU a Samaru, a ɗauki hoton gwiwoyin biyu, likitocin tiyata su gaya maka wadda ta dace da ita da aljihunka. Don Allah kar a kai ta wurin maɗori, ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Kar kuma a sayo mata ibuprofen ko diclofenac a kemis; suna huda cikin kare, suna kashe ƙoda.

Sai 'yar da ka riƙe. Kar ka yi saurin cire mata mahaifa in ba ta gama girma ba. A binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis na 2013 kan Golden retriever 759, waɗanda aka fiɗiye kafin shekara ɗaya sun yi ciwon, maza kashi 5 mata kashi 8, waɗanda aka bari kuwa ko ɗaya ba a samu ba. Ka bar ta ta cika, ka tsare ta daga ƙiba, ka riƙa fita da ita tafiya kullum da sanyin safiya maimakon guje-guje na ranar Lahadi kaɗai. Barbararta ita ma ni ban ba ka shawara ba.

Mutum shidan da suka sayi 'yan'uwanta, in kana da lambobinsu, ka kira su ka gaya musu abin da ya samu uwar, su ma su rage kwano. Ranar da za ka je Samaru kuma ka tafi da 'yar, a taɓa gwiwoyinta a ɗora ta a sikeli.