Filin Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Sabulu Yake Narkewa a Kwandon Soso?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk daga Zariya suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato wurin ajiye sabulu a gida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni uwargida ce mai yara biyar a Tudun Wada. Tun da damina ta kankama, sabulun wanka ba ya kai mana mako guda, domin kullum nakan tarar da shi ya yi laushi ya dame a cikin kwandon soso, har maigida ya fara zargin yara da ɓarna. Kwandon namu na roba ne mai murfi, kuma a ciki muke haɗa soso da sabulu. Wane iri ya kamata in saya, kuma yaya zan kula da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki ba maigida haƙuri, ki kuma wanke yaran daga zargi, domin mafi yawan laifin na kwandon ne da yadda ake amfani da shi. Sabulu abu ne da aka haɗa daga mai da soda, kuma an yi shi ne domin ya narke idan ya haɗu da ruwa. Muddin ƙasansa yana zaune cikin ruwa, ko da cokali ɗaya ne, zai ci gaba da narkewa har lokacin da wani zai sake shiga wanka. Ban da haka, sabulan wanka da yawa suna ɗauke da sinadarin gilisarin, wanda yake jawo danshi daga iska, shi ya sa a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a Zariya, za ki ga sabulu yana gumi ko da ba a taɓa shi ba. Saboda haka aikin mazubin sabulu guda ɗaya ne: ya bar ruwa ya tsiyaye, iska ta ratsa, sabulun ya bushe kafin a sake ɗaukarsa. Kyan launi da ado duk bayan wannan suke zuwa.

Idan kin shiga kasuwar Sabon Gari ko ta nan Tudun Wada, ki juya mazubin ki dubi ƙasansa kafin ki tambayi kuɗinsa. Ki nemi mai ƙofofi masu faɗi ko tsaga-tsaga masu tsawo, domin ƙananan huda guda biyu ko uku dattin sabulu yakan toshe su cikin 'yan kwanaki. Ki shafa cikinsa da yatsa ki ji ko akwai layuka masu tudu waɗanda sabulun zai hau kansu, ta yadda ba zai manne da ƙasan ba. Sannan ki duba ko yana da 'yan ƙafafu, saboda mazubi mai huda da aka ajiye a kan siminti mai ruwa bai tsinana komai ba, ruwan da ya fita ta ƙasa shi ne zai komo ta nan. Wanda na fi yabawa shi ne mai hawa biyu, na sama mai huda, na ƙasa kuma yana tare ruwan da ya ɗiga, amma da sharaɗin a riƙa zubar da ruwan nan kullum.

Game da abin da aka ƙera shi da shi, roba ta wadatar a gida mai yara, domin tana da araha, ba ta tsatsa, kuma idan ta faɗi ba ta fashewa. Sai dai ki zaɓi mai kauri, domin roba mai shara-shara takan tsage idan ta sha rana, datti kuma ya maƙale a tsagar. Na tangaran yana da kyau da sauƙin wankewa, amma yawancinsu ba su da huda, kuma ranar da ya suɓuce daga hannu mai santsi a banɗakin da yara suke shiga ba takalmi, rauni za a samu. Na fi so a bar shi a wurin wanke hannu na baƙi. Na silba mai kyau yana daɗewa. Kwanon alminiyam kuwa ki guje shi, domin sabulu yana da kaifin soda wanda yake cin alminiyam a hankali, ya dusashe shi, ya bar baƙi a jikin sabulun. Haka nan gwangwanin madara ko na tumatir da wasu suke hudawa su mayar mazubi, tsatsa yake yi, bakinsa kuma yana yanka. Na katako yana kama fumfuna da damina idan ba a shanya shi a rana.

Yanzu sai maganar da ta fi muhimmanci a wasiƙarki, wato murfi da soso. Kwandon soso mai murfi an yi shi ne domin ɗauka, daga ɗaki zuwa banɗaki, ko zuwa makarantar kwana, ko tafiya. Idan aka rufe jiƙaƙƙen sabulu a ciki aka bar shi, danshin ba shi da hanyar fita. Idan kuma aka ɗora masa jiƙaƙƙen soso a kai, to an yi masa jiƙo sama da ƙasa. Ki raba su. Ki buga ƙusa a bango, kowa ya ɗauraye sosonsa ya matse ya rataye, sabulu kuma ya zauna shi kaɗai a mazubinsa, murfi a buɗe. Ki ɗora mazubin a kan wani ɗan tudu ko kanta da ta fi ƙugu tsawo, nesa da inda ake watsa ruwa daga bokiti, kuma ba ƙarƙashin tagar da feshin ruwan sama yake shigowa ba.

Da yake ku bakwai ne a gidan, sabulu ɗaya ba zai sami damar bushewa ba idan kowa yana bi layi da safe. Ki raba sabulun gida biyu da wuƙa, ki ajiye rabi, ko ki sa guda biyu a mazubi biyu, na safe daban na yamma daban. Sabon sabulu kuma, idan kin sayo da yawa, ki cire takardarsa ki bar shi ya sha iska a cikin ɗaki na 'yan makonni, domin wanda ya bushe sosai ya fi ƙarko.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a gidan haya a Samaru, kuma banɗaki ɗaya muke amfani da shi da maƙwabta. Mazubin sabuluna yakan yi wani farin datti mai tauri, lungunansa kuma su yi baƙi-baƙi da yauƙi. Shin wannan zai iya jawo cuta? Kuma akwai illa idan wani ya yi amfani da sabuluna?

AMSA: Barka kadai, Malam. Abubuwa biyu ne ka gani, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Farin nan mai tauri yana samuwa ne idan sabulu ya haɗu da sinadaran kalsiyam da magnesiyam da suke cikin ruwa, kuma ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauke su fiye da ruwan sama. Shi ba cuta ba ne, amma yana toshe huda, yana kuma riƙe datti. Abu mai tsami ne yake narkar da shi, saboda haka ka matse lemon tsami ɗaya ko biyu a cikin ruwan ɗumi, ka jiƙa mazubin kamar minti 15, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka bi kowace huda da tsinke.

Baƙin da yauƙin kuwa fumfuna ce da ƙwayoyin cuta waɗanda suke son wuri mai danshi. Bayan ka wanke mazubin tas, ka jiƙa shi na 'yan mintuna a ruwan da ka ɗiga wa ɗan bilic, irin su Hypo ko Jik, ka ɗauraye sosai, ka kife shi a rana har ya bushe. A nan ina roƙonka da babbar murya: kada ka taɓa haɗa bilic da lemon tsami ko wani abin wanke banɗaki mai asid a lokaci ɗaya, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, balle a ƙaramin banɗaki mara taga. Ka yi ɗaya, ka ɗauraye, sannan ka yi ɗayan. Wankin mako-mako ya isa da rani, amma da damina gara a ƙara.

Game da tarayya a sabulu, hankalinka ya kwanta. A wani bincike da aka buga a 1988, an zuba wa sabulai ƙwayoyin cuta da gangan, aka ba mutane suka wanke hannu da su, kuma ba a sami ƙwayoyin a hannuwansu ba bayan sun gama. Ɗauraye sabulun kafin amfani da bayansa ya wadatar. Inda haɗarin ya fi yawa shi ne soso da tawul, domin ta nan cututtukan fata irin su makero suke bi daga wani zuwa wani, saboda haka su kam ba a aronsu. A gidan haya irin naka, kwando mai murfi yana da amfani, tun da za ka riƙa komawa da kayanka ɗaki, amma ka tsiyaye ruwan kafin ka fito, ka buɗe murfin idan ka isa. Da dare kuma, bayan ya bushe, ka rufe shi ko ka rataye shi sama, domin ɓera yana cin sabulu, kuma abin da ɓera ya bi ta kansa ba abin da za a shafa a jiki ba ne.

TAMBAYA: Hajiya, ni ɗaliba ce daga cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Sabulun salo nake wanka da shi, kuma ko a mazubi mai huda na sa shi, sai ya bi ta hudar ya zube. Yaya zan yi?

AMSA: 'Yata, sabulun salo hukuncinsa daban ne. Da ruwan toka ake dafa shi maimakon soda, shi ya sa yake da laushi tun asali kuma yake shan danshi fiye da sabulun kanti. Ki ajiye babban curin a roba mai murfi da take rufuwa sosai, a cikin ɗaki, kada ki shiga da shi banɗaki ko kaɗan. Duk lokacin wanka ki gutsuri daidai abin da zai ishe ki da busasshen hannu, ki mulmula, ki sa a ɗan ƙoƙo ko ƙaramin kofin roba. Ki murza shi a tafin hannu ko a soso har ya yi kumfa kafin ki kai shi jiki, saboda yakan zo da ɓurɓushin toka da zai iya kartar fata. Idan hunturu ya shigo kika ga curin ya bushe ya yi tauri, ki yayyafa masa ruwa kaɗan, ki rufe, ki bar shi ya kwana, zai dawo da laushinsa.