Amsa kan murjanin da ya shimfiɗu a jikin dutse: yanka shi da manna shi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Montipora ɗinka, wato wani irin murjani mai rai da ake kiwo a tankin ruwan gishiri, ta lulluɓe gefen babban dutsen tankinka, kana son ɗiban wani yanki ka dasa a wani wurin, kuma kana tambaya ko za a iya kankaro ta da reza.

Don Allah kada ka sa mata reza. Murjani mai shimfiɗa, irin su Montipora, Leptoseris, Cyphastrea da Psammocora, ba shi da reshen da za a karya. Ƙashinsa ya riga ya haɗe da dutsen, naman da ke da rai kuwa siriri ne a can sama. Reza naman kawai za ta yage, ƙashin ya zauna a inda yake. Dutsen ake gutsurowa tare da murjanin.

In dutsen yana fitowa daga tanki, fito da shi, ka ɗora a kan tawul mai jiƙe da ruwan tankin. Ka kafa cizal, wato ƙarfen sassaƙa dutse, a ƙarƙashin bakin murjanin, inda yake sabon girma, ka buga sau ɗaya da ƙarfi. Bugu ƙanana da yawa su ne ke farfasa shi. Mai Dremel, wato ɗan injin yanka na hannu, da faifan yankan dutse ya fi samun yanka mai tsabta, sai dai ya riƙa zuba ruwa saboda zafi. Mintuna kaɗan a waje ba sa kashe shi muddin bai bushe ba.

Amma hanyar da na fi yarda da ita, wadda nake bi shekaru, haƙuri take so. Ka samo ƙananan gutsattsarin dutse ko ɗan faifan dashe, wato ɗan faifan da ake manna murjani a kai, ka manna su daf da bakin da yake girma, har su taɓa shi. Murjanin da kansa zai hau kai. Bayan wasu makonni ko watanni, gwargwadon lafiyar tankinka, in ya rufe gutsuren sai ka ɓalle shi da filaya. Ka sami dashen da ya riga ya kama, raunin ɗan kaɗan ne, kuma ba ka rushe tsarin duwatsunka ba. Haka ma ake tare shi in ya nufi wani murjanin.

Wajen mannawa, sufa gulu mai kauri ake nema, na cyanoacrylate, domin mai ruwa-ruwa gangarewa yake ya hau nama. Goge ƙasan gutsuren ya ɗan bushe, sa gulu, ka danna a dutse kana ɗan murzawa don fatar da ruwa ya yi wa gulun ta fashe, ka riƙe kamar daƙiƙa 30. In dutsen mai ramuka ne, sa gulu, sa ɗan ƙwallon efoksi, wato abin liƙi mai kamar yumɓu da ke sandarewa, ƙara gulu. Efoksi cike gurbi yake yi, gulun ne ke riƙewa. Kuma efoksin yakan sa sikima, wato injin da ke cire dattin ruwan tanki ta hanyar kumfa, ta yi ta ambaliyar kumfa, sai ka rage ta na ɗan lokaci. Abin da mutane ke mantawa shi ne bakin dashen ya kwanta a jikin dutse. In ya rataye a sama, zai daɗe bai sami inda zai kama ba.

Kafin ka mayar, tsoma shi a ruwan tanki mai ɗan aidin, ka duba ƙarƙashinsa da kyau. Akwai wasu ƙananan fararen halittu masu cin Montipora da ke ɓuya a nan, kuma maganin tsomawa ba ya kashe ƙwansu, sai an goge. Ajiye dashen a haske daidai da wanda ya saba ko ƙasa kaɗan, inda ruwa ke gudu. Gishiri ya tsaya 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH ba hawa da sauka, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, zafi wajen digiri 25 zuwa 26 na Celsius.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: duba ko akwai Palythoa ko zoanthid, wasu halittun ruwa masu laushi kamar ƙananan furanni, a jikin dutsen. Wasunsu na ɗauke da guba mai suna palytoxin, wadda ta kwantar da mutane a asibiti. Sa safar hannu da tabarau, ka buɗe taga, kuma kada ka taɓa tafasa dutsen ko zuba masa ruwan zafi.

Ka turo hoton gefen da kake son yankawa, mu ga inda cizal zai shiga.