Me ya sa madatsar ruwa (dam) da aka gina da ƙasa ke zaftarewa idan an yi girgizar ƙasa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne. Na ji an ce girgizar ƙasa na iya sa ƙasar da aka gina dam da ita ta zama ruwa-ruwa. Yaya hakan ke faruwa, kuma dam ɗin da aka riga aka gina yana da magani?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, amma ba kowace ƙasa ke yin haka ba. Wadda ake tsoro ita ce rairayi ko lallausar ƙasa da ba a daddanne ta ba, ga ta kuma ta sha ruwa ta ƙoshi. Je bakin kogi ka tsaya kan jiƙaƙƙen yashi ka yi ta buga ƙafa. Ruwa zai taso, ƙafarka ta fara nutsewa. Girgiza na sa ƙwayoyin yashi su nemi matsewa, ruwan da ke tsakaninsu kuwa bai samu hanyar fita da sauri ba, sai nauyin ƙasar ya koma kan ruwan. Shi kuwa ruwa ba ya riƙe gangara.

Misalin da duk mai wannan sana'a ya sani shi ne dam ɗin Lower San Fernando da ke kusa da Los Angeles a Amurka. An fara gina shi a 1912 ta hanyar kwararo ƙasa da ruwa a bar ta ta kwanta da kanta, ba tare da dannewa ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1971 girgiza mai ƙarfin kusan 6.6 a ma'aunin girgizar ƙasa ta auku, gefen da ke fuskantar ruwa ya zame cikin tafkin, ya tafi da kusan mita 9 na saman dam ɗin. Tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin da ya saura ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Sai da aka kwashe mutane wajen 80,000. Allah ne ya kiyaye, domin a ranar tafkin bai cika ba.

Magani akwai, sai dai da tsada. Ana fara haƙa rami a gwada ƙasar: a saki guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa za a yi kafin bututu ya nutse santimita 30. In bugun kaɗan ne, ƙasar sako-sako ce. Daga nan ko a kwashe ta a zuba wata a danne, ko a dasa ginshiƙan tsakuwa da za su matse ta su ba ruwa mafita, ko a gauraya ta da siminti, ko a jibga ƙasa mai nauyi a gindin dam ɗin ta tokare shi. Ni dai a ganina, da zarar gwaji ya nuna matsala, a rage ruwan tafkin nan take, ko da manoman rani za su koka, kafin a samo kuɗin sauran aikin.