Tambaya da Amsa: Aminin mahaifina ya sa na sake zane sau biyar, ciko kuma shiru

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mai zanen gine-gine ne, ina da ɗan ofis a Tumfure cikin garin Gombe, tare da matasa biyu da ke taya ni aiki. Wata takwas da suka wuce wani Alhaji, wanda aminin mahaifina ne tun suna samari, ya ba ni aikin zanen gidan sama mai hawa ɗaya. Muka yi jinga da baki a kan naira 900,000, ya ba ni 300,000 kafin alƙalami. Daga ranar zuwa yau na sake zanen sau biyar: yau uwargida ta ce kicin ya yi nisa da falo, gobe wani abokinsa ya dawo daga Abuja da hoton wani gida a waya, a ce irinsa ake so. Yakan kira ni har ƙarfe 11 na dare. Yanzu an zuba fandisho, sai ga shi ya ce a ƙara hawa guda a sama, wai ai layi ne kawai zan ja. Da na taɓo maganar ciko sai ya ce, "Haba ɗana, da ni za ka yi lissafi?" Mahaifina ya ce in yi haƙuri. Ga albashin yarana, ga kuɗin haya. Yaya zan yi?

Mai karatu, daga Tumfure, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam. Ƙanena, zan fara da abin da ba za ka so ji ba: rabin wannan wahala kai ka saya da kanka a ranar da kuka yi jinga, domin kunya ta hana ka ɗauko takarda. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma babu wanda ya kamata ya fi mai sana'arka sanin haka. Alhaji bai san cewa matsar da kicin daga gabas zuwa yamma na nufin sake lissafin ginshiƙai, hanyar ruwa, wayar wuta da matakala ba. Abin da yake gani shi ne yaro ya zauna gaban kwamfuta ya taɓa, hoto ya canja. Tun da ba ka taɓa gaya masa cewa gyara yana da iyaka kuma yana da farashi ba, ya ɗauka cewa naira 900,000 ta saye ka ne har ranar tarewa. Gyara na farko da ka yi kyauta ba tare da ka ce komai ba shi ya buɗe ƙofar na biyar.

Mutanenmu da yawa suna ganin rubuta yarjejeniya da babba rashin kunya ne, ko alamar ba a yarda da shi ba. Ka tuna masa, cikin ladabi, cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta a babin ijara, wato haya da ƙwadago, cewa aikin ya zama sananne, ladan ma sananne, saboda jahiltar ɗayansu ita ce uwar rigima. Ka ga ke nan takarda ba baƙuwar al'ada ba ce da aka shigo mana da ita. Na lura cewa dattijon da zai fusata idan ka ce masa "ƙa'idar ofishinmu ce" yakan sauko nan take idan ka ce masa "Baba, don mutuwa da mantuwa ne."

Duk da an makara, ba a rasa komai ba tukuna. Kada ka yi wannan magana ta waya, kada kuma ka yi ta a wurin gini gaban birkiloli da leburori, domin babba ba ya janye maganarsa a gaban yaransa. Ka same shi a gida, bayan La'asar ko wani lokacin da hankalinsa ke kwance, ka tafi da zanen nan guda biyar a buge, kowanne da kwanan watansa. Ka shimfiɗa su a gabansa ka nuna masa abin da ya canja daga wannan zuwa wancan da kwanakin da kowanne ya ci. Sau da yawa mai aiki bai san yawan abin da ya sa aka yi ba sai ya gan shi a tare wuri guda. Sannan ka ce masa gyare-gyaren da suka wuce ka bar masa su saboda darajar mahaifinka, ka faɗi kimarsu a kuɗi don ya san kyauta ce aka yi masa ba hakkinsa ba, amma daga yau duk wani sabon canji za a rubuta shi da farashinsa, ya amince kafin a taɓa. Cikon 600,000 kuma ka raba masa biyu ko uku, kowane kaso da ranarsa, ka ɗaura shi a kan wani mataki na aikin. Bayan kun tashi, ka tura masa taƙaitaccen saƙo ta WhatsApp na abin da kuka tsayar, ka roƙe shi ya amsa ko da da murya ne. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi irin waɗannan saƙonni a kotu bisa wasu sharuɗɗa. Ba ina tura ka kotu da aminin mahaifinka ba ne. Amfanin saƙon shi ne ya hana "ni ban ce haka ba" bayan wata uku.

A wannan zaman ne za ka gane wane irin mutum kake hulɗa da shi, domin masu riƙe ciko ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda gini ya cinye masa aljihu, yana jin nauyin faɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 darajar naira kuma ta faɗi, siminti da rodi suka yi tashin da ya karya lissafin masu gini da dama, har a nan Gombe da kamfanin siminti na Ashaka ke kusa da mu. Irin wannan a yi masa jinkiri zuwa lokacin da ya samu sauƙi, haka addini ya koyar, sai dai jinkirin ya kasance da rana. Akwai kuma wanda yake da shi, yana sayen tirelar siminti yana yanka wa magina rago, amma mai zane ne kawai ake kira "ɗana" idan an zo biya. Wannan shi hadisi ya yi magana a kansa, cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Mutumin da ke shirin ƙara hawa guda a gidansa, a ganina, da wuya a sa shi cikin kashin farko.

Maganar ƙarin hawan ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ita ce inda ba ni da sassauci ko kaɗan. Sauran abubuwan duk na kuɗi ne da gajiya, ana iya yafewa. Wannan kuwa na rayukan mutane ne. Fandishon da aka zuba an yi lissafinsa ne a kan nauyin hawa ɗaya, haka kaurin ginshiƙai da yawan rodin da ke cikinsu. Wanda zai ce ko zai ɗauki ƙari shi ne injiniyan gini mai rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, bayan ya duba ƙasar wurin da abin da aka riga aka binne, sannan a mayar da sabon zanen hukumar tsara birane ta jiha ta amince. Idan Alhaji ya yarda da wannan hanya kuma zai biya kuɗinta, madalla, sabon aiki ne da sabuwar jinga. Idan ya ce a ja layi kawai, ka ƙi, ka kuma rubuta masa ƙin naka da dalilinsa, ka ajiye kwafi. Ranar da gini ya rufta, Allah Ya kiyaye, ba uwargida za a nema ba, ba abokin da ya zo da hoto daga Abuja ba. Sunan da ke ƙasan zanen za a karanta, kuma rajistarka ta ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, ita ce za ta fara tafiya. Kunyar da za ta sa ka sa hannu a nan ita ce ake ce wa asara.

Shi kuwa mahaifinka, kada ka ɗauke shi a matsayin wanda ya tare maka hanya. Ya ce ka yi haƙuri ne saboda abin da ya ji shi ne "yaro yana damun abokina da maganar kuɗi." Ka zaunar da shi ka nuna masa zanen biyar, ka gaya masa albashin mutum biyu na wuyanka, ka kuma bayyana masa haɗarin ƙarin hawan. Ina kyautata zaton zai fi ka iya gaya wa amininsa gaskiya, domin abin da ɗa ba zai iya furtawa ba, aboki yakan faɗe shi cikin raha a kan tabarma. Idan ta kama ma, ku je tare.

Kiran dare ba ya buƙatar dogon bayani. Ka daina ɗauka bayan Isha'i, da safe ka kira shi da kanka ka gaishe shi ka tambayi abin da ya taso. Cikin mako biyu zai saba.

Akwai yiwuwar bayan duk wannan ya yi fushi ya ɗauki zanenka ya kai wa wani ya ƙarasa masa. Saboda haka kada ka ba shi ainihin fayil ɗin da ake iya gyarawa a kwamfuta, ko cikakken zanen aiki mai hatiminka, sai ciko ya shigo; abin da bai biya ba bai zama nasa ba tukuna. Idan ya tafi, ka aika masa takarda mai kwanan wata cewa ka tsaya a zane na biyar mai hawa ɗaya, duk abin da aka ɗora a kansa ba da saninka ba ne, ka kuma rubuta adadin da kake binsa. Daga nan shawara ta rage gare ka da mahaifinka, ko ku nemi dattijon da zai shiga tsakani, ko ka bar kuɗin ya zauna a rubuce har ranar da Alhaji zai waiwayo.