Amsa kan bindigar farko ta yaro mai koyon harbi

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Amurka, ɗanka mai shekara 9 yana son shiga ajin harbi na 4-H, wata ƙungiyar horar da yara da matasa, kuma kana tambayar wace bindiga ta dace da shi.

Shawarata ita ce ka nemi mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR, wadda ake ɗura wa harsashi ɗaya tak da hannu kafin kowane harbi, irin su Savage Rascal ko Crickett. Wannan harsashi ba ya dukan kafaɗa sosai, ƙararsa ba ta firgita yaro, sannan ɗura ɗaya-ɗaya yana tilasta masa ya natsu, kai kuma kullum ka san ko akwai harsashi a ciki. Abin da iyaye suka fi sakaci da shi shi ne tsawon ƙota, wato gindin bindigar da ake jinginawa a kafaɗa. Idan ta yi masa tsawo, zai riƙa ɗage jiki baya don ya kai ga kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar gyarawa, saboda haka kada ka sayi babba da nufin zai girma ya same ta.

Idan bai taɓa harbi ba, ni na fi son ya fara da bindigar iska.

Ka tuna dokar tarayya ta hana dillali mai lasisi sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba doguwar bindiga, don haka taka ce, amanarta na wuyanka. Ka kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri dabam, kuma kada yaron ya taɓa ta sai kana tsaye, yana sanye da gilashin kare ido da abin toshe kunne.